Hukuncin Motar Da Ƙanƙara Ta Ɓurma Da Ita

 

Mas'alar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga ƙasa mai nisa, inda sanyi kan yi tsanani har ruwan tafki ya daskare ya zama kamar daɓe, mutane su hau kansa da motoci. Watakila wani ya ce, ina ruwanmu da ƙanƙara, mu da muke fama da rana? To, da fari dai akwai 'yan'uwanmu Musulmi masu yawa a can, domin jihar Minesota ta Amurka ta fi kowace jiha yawan 'yan asalin Somaliya, kuma daga cikinta ne aka zaɓi Musulmi na farko zuwa majalisar dokokin tarayyar ƙasar, watau Keith Ellison, a 2006. Na biyu kuma, al'adar malaman fiƙihu ce su ɗauko mas'ala baƙuwa su auna ƙa'ida da ita, don kuwa inda al'amari ya yi tsanani nan ake ganin iyakar hukunci a fili. Wannan kuwa ta haɗa maganar tawakkali da ta lamuni da ta inshora duk a wuri guda.

Bari mu fara siffanta abin tukuna, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Ana yi wa Minesota kirari da ƙasa mai tafki dubu goma, alhali ƙidayar hukuma ta nuna sun kai 11,842. Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, saboda haka takan zauna a sama ta rufe fuskar tafki kamar murfi, ruwan da ke ƙasa kuwa ba ya daskarewa, kifi na nan yana rayuwarsa a ciki. In hunturu ya kankama sai mutane su fita kan tafkin, su huda rami, su zura fatsa. Masu hali har bukkoki masu taya suke da su, da murhu da gado a ciki, sukan ja su da a-kori-kura su kai tsakiyar tafki su kwana. A manyan tafkuna irin su Mille Lacs da Lake of the Woods har gari guda kan tashi a kan ruwa, da hanyoyi sharrarru waɗanda masu masaukin baƙi na bakin tafki ke gyarawa suna karɓar kuɗin shiga. A jihar Wiskonsin kuma, kowane watan Fabrairu dubban mutane kan taru a tafkin Winnebago suna sukar wani ƙaton kifi da mashi, ƙungiyoyin masunta su share hanya, su kakkafa itatuwa a jere don alama, su ɗora gadojin ƙarfe a wuraren da ƙanƙara ta tsage.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta fitar da ma'auni. Mai tafiya a ƙasa yana bukatar ƙanƙara mai kaurin inci 4, ƙaramar mota tana bukatar kimanin inci 9 zuwa 12 gwargwadon nauyinta, abin da ya fi haka nauyi kuwa sai kauri ya zarce ƙafa guda. Wannan fa ga sabuwar ƙanƙara ce garai-garai mai ɗaukar ido. In fara ce, wadda ta cuɗanya da dusa, ƙarfinta rabi ne, sai a ninka ma'aunin. Hukumar ta ce a riƙa huda ana aunawa bayan kowace ƙafa 150, a bar tazarar ƙafa 50 tsakanin mota da mota, kuma a gusar da mota daga inda take bayan kowace awa 2, domin ƙanƙara kan lotsa a hankali a ƙarƙashin nauyi. Duk da wannan, ba ta taɓa cewa ga ƙanƙarar da babu hatsari a kanta ba. Dalili kuwa shi ne kaurin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Inda ruwa ke gudu ta ƙasa, ko inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa, ko bakin da rafi ke shigowa, sai ka tarar da inci 2 kacal, alhali taku kaɗan daga nan ƙafa guda ce cur. Dusa kuma in ta zuba sai ta zama bargo, ta hana ƙanƙara ƙara kauri, ta kuma ɓoye wa ido wurin da ke da rauni. A hunturun 2023 zuwa 2024, wanda ya zo da ɗumi irin wanda ba a saba gani ba, sai da aka ceto mutum 122 a tafkin Upper Red ran 29 ga Disamba, bayan da ƙanƙarar da suke kai ta ɓalle daga gaɓa, har hukumar gundumar ta hana shiga da ababen hawa na wani lokaci.

To, ga mota ta ɓurma. Takan fara sunkuyar da kai ta wajen inji, domin nan ne nauyi, in ruwan na da zurfi ma takan kife kafin ta kai ƙasa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya daɗe yana binciken abin da ruwan sanyi ke yi wa jikin ɗan Adam, ya nuna cewa wanda ke cikin mota kimanin minti 1 gare shi ya kwance ɗamara, ya buɗe taga, ya fitar da yara, ya fita. In ya fito kuwa, minti na farko na daidaita numfashi ne, sa'an nan yana da kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya. Mu ɗauka Allah ya kiyaye, kowa ya fito da ransa. Sai a yi hamdala, amma fa a nan ne maganar kuɗi ke farawa.

Dokar Minesota ta ɗora wa mai mota ya kai rahoto ga shugaban 'yan sandan gunduma cikin awa 48, kuma ya fitar da motarsa daga ruwa cikin kwana 30. In ya ƙi, hukuma za ta fitar, sa'an nan ta ci shi tarar da ba ta kasa ninki 2 na abin da ta kashe ba, tana kuma iya kaiwa ninki 5. Fitarwar kuwa ba aikin janwe kawai ba ne. Sai an nemo gwanin nutso, a ɗaura masa igiya ya shiga ta ramin cikin duhu da sanyi, ya laluba ya ɗaura sarƙa a ƙashin motar. A sama kuma a yanka ƙanƙara da zarton inji a faɗaɗa ramin, a girka wani firam na ƙarfe a kan dogayen tankuna biyu don nauyi ya bazu, a riƙa jan motar da inji a hankali har ta taso. Wani lokaci jakunkunan iska ake ɗaura mata a hura su ɗago ta. In ƙanƙarar ba za ta ɗauki kayan aikin ba, sai a jira ta ƙara kauri, ko a jira ta narke a zo da jirgin ruwa. Kuɗin ya danganta ga zurfin ruwa, da nisan wurin daga gaɓa, da nauyin motar, amma magana ce ta dubban daloli, har wani sa'in ladan fitarwa ya zarce abin da tsohuwar motar za ta tasa a kasuwa. Ita kanta motar galibi ta tashi daga aiki, domin motocin zamani cike suke da wayoyi da kwamfuta, waɗanda ba sa shiri da ruwa. Ke nan hasara biyu ce: ga mota ta tafi, ga kuɗin ɗauko gawarta.

Tambaya ta farko a wajenmu ita ce, shin hawa ƙanƙara da mota ya halatta tun asali? Ƙa'idar da malamai suka kafa a kan shiga teku ita ce ke aiki a nan: in kuɓuta ce ta fi rinjaye a zaton masana, ya halatta, in halaka ce ta fi rinjaye, ya haramta. Saboda haka ba za a yi wa kowa kuɗin goro ba. A arewacin Kanada akwai hanyar hunturu da ke tashi daga kusa da Yellowknife zuwa ma'adinan lu'ulu'u, mai tsawon ɗaruruwan kilomita, mafi yawanta a kan tafkuna, injiniyoyi na auna kaurinta kullum, kuma motar da ke ɗauke da kaya ba ta wuce gudun kilomita 25 a awa, domin gudu kan tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara ta fasa ta a gaban motar. Direban da ke neman abincin iyalinsa a wannan hanya, yana bin doka, babu laifi a kansa. Haka nan direbobin da suka riƙa ratsa tafkin Ladoga a hunturun 1941 da na 1942 suna kai abinci birnin Leningirad lokacin da sojojin Jamus suka yi masa ƙawanya, da yawansu suna tuƙi ƙofa a buɗe don su samu tsalle in ƙanƙara ta ɓurma, waɗannan larura ce ta fitar da su, ta ceton rayuka. Amma mutumin da ya ga sanarwar hukuma, ya ji gargaɗin mutanen wuri, ya ce shi dai ba zai taka da ƙafa ba sai ya kai motarsa bakin ramin fatsa, wannan ganganci ya yi, ko da kuwa ya dawo lafiya.

Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya jefa kansa cikin halaka, aya ta 29 a Suratun Nisa'i kuma ta hana kashe kai. Da wannan ta biyun ce Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya kafa hujja a yaƙin Zatus Salasil, sa'ad da wanka ya wajaba a kansa a wani dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron in ya yi zai halaka, sai ya yi taimama ya ja wa mutanensa sallar asuba. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi dariya, bai ce masa kome ba. Ku duba fa, 'yan'uwa: saboda tsoron ruwan sanyi aka yi rangwame a kan wankan farilla. To, ina hujjar wanda zai kai kansa da 'ya'yansa cikin ruwan da ya fi wancan sanyi saboda nishaɗi? Abu Dawuda ma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya kwana a rufin soro marar katanga. Wanda kuma zai fake da tawakkali, sai ya tuna mutumin nan da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun. Ɗaurin raƙuma a kan tafki shi ne a huda a auna. Mafi ƙarfin ɗauri kuwa shi ne a bar motar a gaɓa.

Tambaya ta biyu, wa fitarwa ta rataya a wuyansa? A nan dokar ƙasar ba ta saɓa wa Shari'a ba ko kaɗan. Motar da ke kwance a gindin tafki tana ɗauke da fetur, da baƙin mai, da ruwan batir, suna tsiyaya a hankali cikin ruwan da jama'a ke kamun kifi a ciki, ke wanka a ciki in zafi ya zo. Addinin da ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma lissafta kawar da ƙaya daga hanya cikin rassan imani, ba zai yarda mutum ya bar tankin mai a tafkin jama'a ya tafi abinsa ba. Ƙa'ida ce sananniya cewa cuta gusar da ita ake yi, kuma wanda ya jawo ta shi ke da ɗawainiyar gusarwa. Malamai sun yi saɓani tun da can a kan halaccin horo da cin tarar dukiya, amma asalin kuɗin fitarwa babu saɓani a kansa, bashi ne a kan mai mota, ko yana da inshora ko ba shi da ita, ko hukuma ta gani ko ba ta gani ba. In kuwa motar aro ce, to a mazhabar Malikiyya wanda ya ari dabba ba ya lamuncewa in ta mutu ba da sakacinsa ba, amma in ya wuce inda aka yi masa izini, ko ya ɗora mata abin da ba a yarje masa ba, lamuni ya hau kansa. Mota ita ce dabbar wannan zamani. Wanda ya ari motar maƙwabcinsa da cewa zai je kasuwa, ya ɓuge da ita a tsakiyar tafki, shi zai biya motar, shi zai biya fitarwa. Haka hukuncin motar haya yake, musamman da yake yawancin takardun haya sun hana sauka daga hanyar da aka shata.

Yanzu sai maganar inshora, wadda ita ce ƙashin bayan mas'alar. Inshorar mota iri-iri ce, amma biyu ne suka shafe mu. Akwai ƙarama, wadda doka ke tilasta wa kowane mai mota, ita kuwa galibin aikinta biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta san da motarka ba. Akwai kuma babba, wadda ke biyan hasarar motar kanta ta hanyar gobara, ko sata, ko ambaliya, ko nutsewa. Wannan doka ba ta tilasta ta, sai dai in da bashi aka sayi motar, mai bashin ya shardanta. Galibi babbar ce ke biyan motar da ta faɗa tafki, bayan an cire wani kaso na farko da mai mota ke biya daga aljihunsa, sau da yawa kuma ta haɗa da kuɗin fitarwa. Amma fa ba kowace takarda ba, domin wasu kamfanoni sun sa iyaka ga kuɗin fitarwa, wasu sun rubuta sharaɗin cire tuƙi a inda ba hanya ba. Kada mai karatu ya zaci wannan bambanci na Amurka ne kaɗai. Takardar da yawancin direbobinmu a Nijeriya ke miƙa wa 'yan sanda ƙaramar ce, wadda aka ɗaga kuɗinta na motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma irinta ba ta biyan mai mota ko kwabo in ruwa ya ci motarsa, kamar yadda ya ci da yawa a ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024.

Ga inda gizo ke saƙar. Inshorar da malamai suka yi wa uzuri saboda tilascin doka, ita ce ba ta biyan motar da ta nutse. Wadda ke biya kuwa ita ce mutum ke shiga da zaɓinsa, kuma a kanta ne saɓani ya fi zafi.

Abin sha'awa, nutsewa na cikin abubuwan da aka fara tattauna inshora a kansu a fiƙihu. Ibnu Abidina, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya ga fatake suna ba wani Bature kuɗi da sharaɗin in kayansu da ke cikin jirgin ruwa suka ƙone, ko suka nutse, ko aka washe su, shi zai biya. Ya ce bai ga halaccin karɓar wannan biya ba, domin ɗora wa mutum ne abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba. Bayan sama da shekara 100 aka sake buɗe maganar sosai a taron fiƙihu na Dimashƙa a 1961, inda Shehu Mustafa Zarƙa ya tsaya a kan halacci, Shehu Muhammad Abu Zahra na Masar ya ja da shi. Masu hanawa suka ce akwai garari, watau rashin sanin abin da aka saya: mutum na iya biyan shekara 20 bai karɓi kome ba, wani kuma ya biya wata 1 ya karɓi kuɗin mota sabuwa ful. Suka ce wannan ya yi kama da caca, ga kuma musayar kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri, ga shi kamfanonin na juya dukiyarsu cikin riba. Zarƙa ya amsa da cewa abin da mutum ya saya shi ne kwanciyar hankali, ya kuwa same ta tun ranar da ya sa hannu, kamar yadda mai ɗaukar maigadi ba ya cewa ya yi hasara don ɓarawo bai zo ba. Ya ce kamfani kuma ba a duhu yake ba, lissafin dubban mutane ya nuna masa kusan abin da zai biya kowace shekara. Ya kuma kafa hujja da yadda Shari'a ta raba diyyar kisan kuskure a kan dangin mai kisa, da wata mas'ala ta Hanafiyya wadda ta yi daidai da tamu ƙwarai: mutum ne ya ce wa wani bi wannan hanya, lafiya lau take, in wani abu ya sami dukiyarka ni zan biya, to in abin ya faru lamuni ya kama shi. Masu share hanya a kan tafki suna karɓar kuɗin shiga sai su kula da wannan, su san irin kalmar da za su faɗa wa baƙo.

Duk da ƙarfin hujjojin Zarƙa, manyan majalisu ba su bi shi ba. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya a 1977, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a Disamban 1985, duk sun haramta inshorar kasuwanci, suka halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. A cikinta kowa kan zuba kuɗinsa a asusu da niyyar kyauta, wanda masifa ta sama a tallafa masa daga ciki, abin da ya yi saura na masu zubi ne, kamfani ladan kula kawai yake ci. Asalinta shi ne abin da mutanen ƙabilar Ash'ari ke yi in guzurinsu ya yi ƙaranci, su tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Annabi kuwa ya yaba musu yabo mai girma. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, Maleshiya ta yi dokarsa a 1984, Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisi a 2016.

To, Musulmin da ke zaune inda bai sami takaful na mota ba fa? Majalisar fatawa ta Turai ta yi sauƙi ga inshorar da doka ta tilasta, da kuma wadda bukata mai ƙarfi ta sa, matuƙar babu madadi. Abin da nake gani a nan shi ne a dubi bukatar da idon gaskiya. Wanda abincinsa ke kan ƙanƙara, ko wanda garinsa ba shi da wata hanya a hunturu sai ta kan tafki, in hasarar mota da kuɗin fitarwa za su karya shi su jefa iyalinsa cikin bashi, yana da madogara in ya bi masu sauƙaƙawa. Amma mai zuwa fatsa ran hutu, wanda ya sayi babbar inshora don ya samu ƙarfin halin shiga inda da bai shiga ba, wannan bai kamata ya kira abinsa bukata ba, domin shi ya ƙirƙiro hatsarin da hannunsa, sa'an nan ya nemi rangwame don ya rufe shi. Malamai sun daɗe da cewa ba a neman sauƙin Shari'a ta hanyar saɓo.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Suna cewa kamfani ne zai biya, kamar kamfani na da wata rijiya da yake ɗebo kuɗi. Kuɗin nan na sauran masu zubi ne, kuma duk sa'ad da biya ya yi yawa, kuɗin shekara kan hau a kan kowa, har da tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙanƙara ba. A takaful abin ya fi fitowa fili, don asusun na 'yan'uwanka ne kai tsaye. Saboda haka ko a inda inshora ta halatta babu ja, sakaci bai halatta ba, kuma biyan kamfani ba ya goge zunubin wanda ya yi ganganci da ran fasinja. In rai ya salwanta a irin wannan, kisan kuskure ne: ko an sami wanda ya ɗauke diyya, kaffarar azumin wata 2 a jere tana nan a kan direba, babu wanda zai yi masa.

Wanda abin ya riga ya same shi yana da babbar inshora a hannu, malamai sun kasu biyu a kansa. Masu tsanantawa sun ce ya karɓi gwargwadon abin da ya zuba, sauran ya bayar ga mabukata. Masu sauƙaƙawa sun ce ya karɓi abin da aka yi alkawari duka. Ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, wanda ya san halin ƙasar. Amma akwai abin da babu saɓani a kansa, shi ne gaskiya wajen cika takarda. Kada ya ce a kan hanyar da aka share yake alhali ya ratse, kada ya ce bai ga sanarwa ba alhali ya gani, kada ya ƙara kayan da babu su a cikin motar. Wanda kuwa ya tura tsohuwar motarsa cikin rami da gangan don ya karɓi kuɗi, ya haɗa ha'inci da ɓarnar dukiya da gurɓata ruwa, kuma kasancewar masu kamfanin ba Musulmi ba ne bai halatta masa ko sisi ba, domin da amana ya shiga ƙasarsu.

Saura haƙƙin masu fitarwa. Ciniki da su iri biyu ne a fiƙihu. Ko dai ijara, a biya su gwargwadon awoyi da kayan aiki, mota ta fito ko ba ta fito ba, ko kuwa jinga, a yanka kuɗi sananne da sharaɗin sai mota ta hau gaɓa, kamar yadda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki a ƙissar Annabi Yusufu. A Malikiyya mai jinga ba shi da kome sai ya kammala aiki, kuma ba a yanka masa wa'adi. Wannan ya sa wanda kwana 30 na hukuma ke bin sa ya fi dacewa ya ƙulla ijara, wadda ake iya sa wa lokaci. Kowanne aka zaɓa, a faɗi kuɗin a rubuta tun kafin gwanin nutso ya sa ƙafa a ruwa, a kuma bayyana wanda zai biya, mai mota ne ko kamfani. In kamfani ya biya rabi ya tsaya, ragowar na kan wanda ya kira su aiki. Ba ya halatta kuma mai mota ya matsa musu su hau ƙanƙarar da suka ce ba ta yi ƙwari ba don gudun tara. Sai ya koma wa hukuma ya nemi ƙarin lokaci, dokar ma ta ba da damar haka.

Allah ne mafi sani.